Likita ya ce wata irin "tsatsa" ce ke kashe min ƙwayoyin maniyyi, dan Allah a yi min bayani

Mai_Jiran_Rabo:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin lafiya a cikinku ku taimaka min, wlh tun da na baro wajen likita kaina a ɗaure yake. Shekararmu huɗu da aure ni da maiɗakina, har yau Allah bai kawo rabo ba, sau ɗaya ta taɓa samun ciki shi ma ya zube bai kai wata uku ba. Ita kam an gwada ta iya gwadawa, sikanin ne, gwajin jini ne, har wancan mai zafin da ake tura ruwa a duba ko hanyar ƙwai ta toshe, duk aka ce garau take. Ni ne dai na yi ta ja da baya, kun san halinmu maza, a tunanina tunda ba ni da matsala a shimfiɗa to shikenan ba daga wajena ba ne. Sai ranar da na shigo na same ta tana kuka da takardun asibitinta a cinya sannan kunya ta kama ni na je.

Rizal ya fito, yawan ƙwayoyin miliyan 21 a kowane mililita, wai wannan ba laifi, amma masu tafiya gaba kashi 18 ne kacal cikin 100, masu siffa mai kyau kashi 3, sannan an rubuta akwai fararen ƙwayoyin jini a ciki. Likitan mutumin kirki ne amma layi ya yi masa yawa, a gurguje ya ce min akwai wani abu kamar tsatsa da jiki ke fitarwa mai lalata ƙwayoyin maniyyi, kuma akwai wasu inzayim da aikinsu shi ne su tsare su, to mai yiwuwa a wajena tsatsar ta fi ƙarfin masu gadin. Ya rubuta min kafso na antioksidan, wato masu yaƙi da wannan tsatsar, ya ce in dawo bayan wata uku.

Na shiga intanet ina dubawa sai ga tallace-tallace rututu, wani ya ce kafsonsa SOD ne zalla, wani ya ce gulutatayon, wani ya haɗa abu goma sha a ƙwaya ɗaya. Tambayata, mene ne waɗannan inzayim ɗin? In na sayi na kwalba na sha za su cike gurbin nawa? Kuma me ya sa sai wata uku, ba a iya sake gwajin bayan sati biyu a ga ko maganin na aiki?

Abu_Sadiku84:

Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo masu albarka ɗan'uwa, kuma ka yi namijin ƙoƙari da ka je, da yawa ba sa zuwa. Ni ba masani ba ne amma abu ɗaya zan tambaye ka, likitan ya duba ka da hannu kuwa? Ina nufin ka miƙe tsaye ya taɓa maraina ya ce ka yi nishi. Don ni kusan irin rizal ɗinka na samu, na yi wata shida ina haɗiyar bitamin kamar ba gobe, ashe jijiyoyin jini ne suka kumbura a gefen hagu, barikosil suke ce masa. Da likitan mafitsara ya nuna min yadda zan taɓa sai na ji kamar tsutsotsi a cikin jaka, kuma da ma in na daɗe a tsaye wajen yakan yi min nauyi amma ban taɓa kawo komai a raina ba. Aiki aka yi min, bayan wasu watanni motsin ya ɗaga. Ban ce naka haka yake ba, amma ka tambaya.

Ɗan_Lab:

Malam Mai Jiran Rabo sannu da ƙoƙari. Aikina kenan, kusan kullum ina kan madubin ƙara girma ina ƙirga waɗannan halittu, don haka bari in ɗan ja bayanin, a yi haƙuri da tsawonsa.

Kalmar tsatsa da likitanka ya yi amfani da ita ta dace sosai. Oksijin da muke shaƙa shi ne ke ƙona abinci a cikin ƙwayoyin jiki a samu ƙarfi, to a wajen wannan ƙonewar akwai ɗan tartsatsi da ke tsallakewa, wasu sinadarai marasa natsuwa da ake taƙaita sunansu da ROS. Manyansu su ne sufa-oksaid, da haidurojin feroksaid, da wani mugu da ake kira haiduroksil. Duk abin da suka taɓa sai sun ƙwace masa wani abu sun bar shi a lalace, kamar yadda iska da danshi ke cin ƙarfe. Kowace ƙwayar jiki na fama da su, amma ƙwayar maniyyi ta fi kowa shiga uku saboda dalili biyu. Na farko fatar da ta lulluɓe ta cike take da wani irin mai mai laushi, musamman wanda ake kira DHA, shi ke ba ta damar lanƙwasawa da haɗewa da ƙwan mace, kuma irin wannan man shi ne ya fi saurin ɓaci in ROS ta same shi, in ɓacin ya fara a wuri ɗaya sai ya yi ta bin layi kamar wutar daji. Na biyu, lokacin da ƙwayar ke girma tana zubar da kusan duk ruwan cikinta don ta zama siririya mai gudu, to a cikin wannan ruwan ne sauran ƙwayoyin jiki ke ajiye inzayim ɗinsu na kariya, inzayim kuwa sinadarai ne da jiki ke ƙerawa don su hanzarta ayyukansa. Ka ga kenan ta fita fagen fama ba garkuwa, sai ɗan abin da ya rage mata a wuya. Shi ya sa take dogara da ruwan da take iyo a ciki, na bututun da take nuna a bayan maraina da kuma ruwan maniyyin kansa.

Masu gadin manya guda uku ne kuma aikin miƙa-miƙa suke yi. SOD, wato sufa-oksaid dismutes a taƙaice, shi ne na bakin ƙofa, yana kama sufa-oksaid ya mayar da shi haidurojin feroksaid. To shi ma wannan ɗin ai guba ne, don haka sai katales ya karɓa ya farfasa shi ya koma ruwa da oksijin. In ka taɓa zuba ruwan haidurojin a kan ciwo ka ga farar kumfa na tashi fuuu, to katales ɗin da ke jininka ne ka gani yana aiki da idonka, kumfar nan oksijin ce. Na ukun shi ne gulutatayon feroksides, GPx a taƙaice, shi yana share haidurojin feroksaid ɗin kuma yana bin man da ya fara ɓaci a fatar ƙwayar yana kashe wutar. Akwai wasu dangin da ake kira feroksiredoksin su ma suna taimakawa sosai, amma bar mu a ukun nan.

Kowannensu da sinadarin da yake aiki da shi. Wani nau'in SOD na buƙatar jan ƙarfe da zink, wanda ke cikin mitokondiriya, wato injin ƙwayar, manganis yake so. Katales sinadarin ayon ne a cikinsa. GPx kuma seleniyam. Abin da ya fi burge ni ma shi ne wani nau'insa da ake kira GPx4, tun ƙwayar na ƙarama yana aikin gadi, in ta balaga kuma sai ya daskare ya zama wani ɓangare na kwanson da ya riƙe injin a wuyanta, wani masani ɗan Italiya mai suna Ursini da abokan aikinsa suka nuna haka a 1999. Shi ya sa a dabbobin da aka hana seleniyam ake ganin ƙwayoyi masu karyayyen wuya da lanƙwasasshiyar wutsiya.

Maganar ma ba sabuwa ba ce. Tun 1943 wani mai bincike John MacLeod ya lura in aka sa maniyyin mutum a inda oksijin ya yi yawa motsinsa na mutuwa da wuri, in aka zuba katales sai ya daɗe yana motsi. Shi SOD sai 1969 McCord da Fridovich suka gano aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka, daga baya a shekarun 1980 John Aitken ya zurfafa binciken a kan rashin haihuwar maza.

In tsatsar ta yi rinjaye abu biyu ke faruwa. Wutsiya ta yi sanyi, ka ga ƙwayar a madubi tana karkarwa a wuri ɗaya ko tana zagaye kamar mai neman abin da ya ɓata, ba ta cin gaba. Sai kuma wanda ba a gani a gwajin yau da kullum, wato DNA, kundin gadon halitta da ke ƙunshe a kanta, ya tsattsage, ita kuma ba ta da cikakkun kayan gyara, sai dai ƙwan mace ya gyara bayan sun haɗu, in ɓarnar ta yi yawa ya gaza. Bincike ya danganta yawan wannan tsagewar da ɓarin ciki, amma kar ka ɗora wa kanka laifin wancan cikin da ya zube, ɓari ɗaya a farkon ciki abu ne da ke faruwa da mutane da yawa masu lafiya ƙalau.

Game da rizal ɗinka, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa iyakar ƙasa a miliyan 16 a mililita, masu tafiya gaba kashi 30, masu siffa mai kyau kashi 4. Ka ga yawanka ya haye, siffa ta ɗan gaza da kaɗan, motsi ne ya faɗi. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina fararen ƙwayoyin jinin nan ne. Su sojojin jiki ne kuma da ROS suke harbin ƙwayoyin cuta, suna fitar da ita ninkin-ba-ninkin abin da maniyyi ke fitarwa. In sun haura miliyan 1 a mililita ana zargin akwai kumburi ko infekshan a hanya. Ka duba takardar ka ga nawa aka rubuta.

Wata uku kuwa ba jan rai ba ne. Ƙera ƙwayar maniyyi daga farko zuwa ƙarshe na ɗaukar kusan kwana 74, sannan ta ƙara wasu kwanaki a bututu tana nuna. Wanda za ka fitar nan da sati biyu tun watanni biyu da suka wuce aka fara ƙera shi, ba abin da zai gaya maka game da maganin da ka fara jiya.

Ummu_Hanan:

Allah Ya saka da alheri Ɗan Lab, yau na fahimci abin da aka yi shekara ana faɗa mana ban gane ba. Ni dai jan kunne zan yi wa ƙanina mai tambaya, daga abin da ya faru a gidana. Maigidana da aka ce motsin nasa ya yi ƙasa sai ya rikice, duk wanda ya ce ga magani sai ya saya, kan durowarmu ya koma kamar kemis, kwalba bakwai na ƙirga wata rana. Wannan duk da sauƙi, wani abokinsa na wajen motsa jiki ya ba shi shawarar allurar testostiron wai tana ƙara mazantaka, ya yi ta yi a ɓoye ban sani ba. Da muka koma gwaji aka ce kusan babu ƙwayoyin ma gaba ɗaya, ranar a mota ko magana bai iya yi ba har muka iso gida. Likitan ce ta yi ta tambayarsa dalla-dalla har ya faɗa, ta ce ai in aka sa wa jiki wannan homon daga waje ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka ya wadata ta daina aika wa maraina saƙon su yi aiki. Sai da ya daina aka jira watanni kafin abin ya fara dawowa. Dan Allah duk abin da za ka sha ko za a tsira maka ka kai wa likitanka kwalbar ya gani da idonsa. Kuma ka riƙa gaya wa matarka halin da ake ciki, wlh shirun ya fi rizal ɗin ciwo.

Malam_Famasi:

Ɗan Lab ya gama da ɓangaren yadda abin ke aiki, ni bari in taɓa tambayarka ta biyu don nan ne ake cin kuɗin mutane. Inzayim furotin ne. In ka haɗiyi SOD ko katales a kafso, ciki ba ya tambayar sunansa, narkar da shi zai yi kamar kowane furotin ya farfasa shi gutsi-gutsi, ba wai zai ɗauke shi ɗungurungum ya kai maka maraina ba. Jikinka ne ke ƙera nasa, iyakar abin da za ka iya daga waje shi ne ka ba shi kayan aiki irin su zink da seleniyam in da ma ya rasa su, ko ka ƙara masa 'yan taimako da ba inzayim ba kamar bitamin C da E da kanitin da CoQ10. Irin waɗannan ne nake kyautata zaton likitanka ya rubuta.

To suna aiki? Gaskiya a nan sai a hankali. A 2020 an fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka mai suna MOXI, aka raba maza masu matsalar maniyyi kashi biyu, wasu aka ba su haɗin antioksidan wasu aka ba su ƙwayar da ba komai a ciki, ba wanda ya san me yake sha. Ba a ga wani bambanci ba a motsi ko siffa ko tsagewar DNA, haka a haihuwa. A shekarar dai aka fitar da wani mafi girma mai suna FAZST da ma'aurata sama da 2,300, aka ba mazan folik asid da zink wata shida, shi ma bai ƙara haihuwa ba, sai ma ƙorafin ciwon ciki da tashin zuciya da ya fi yawa a masu shan. A ɗaya gefen, masu tattara bincike na Cochrane a 2022 sun haɗa gwaje-gwaje masu yawa suka ce mai yiwuwa yana ɗan ƙara samun haihuwa, amma su da kansu suka ce hujjar mai rauni ce ƙwarai. Ni fahimtata ita ce ana ba kowa da kowa ne alhali ba kowa ne matsalarsa tsatsa ba, wanda ke da ita zai iya amfana, wanda ba shi da ita fitsarinsa ne kawai zai yi tsada.

Sannan masu cewa ai bitamin ne ba ya illa, ba haka ba ne. Ƙwayar maniyyi na buƙatar ɗan ROS kaɗan, da shi take samun zaburar ƙarshe a jikin mace har ta iya huda ƙwai, in ka share shi tas ka kashe mata wannan. Zink in ya yi yawa yana hana hanji tsotsar jan ƙarfe, shi kuma jan ƙarfen SOD na buƙatarsa, ka ga garin neman gira an rasa ido. Seleniyam in ya wuce kima gashi na zubewa, farce na karyewa, numfashi ya riƙa wari, a Amurka iyakar da aka sa wa baligi maikurogiram 400 ce a rana, kuma mai haɗa kwalba uku huɗu bai san nawa yake tarawa ba don kowacce da nata a ciki. Ka sha wanda aka rubuta maka a yadda aka rubuta, kar ka ƙara komai a kai.

Ni da za a bi tawa, a fara neman inda hayaƙin ke fitowa kafin a sayi mafici. Sigari na kan gaba. Sai zafi, don maraina an rataye su a waje ne saboda suna son sanyin da ya gaza na jiki da 'yan digiri kaɗan, mai ɗora laftof a cinya awa da awanni ko mai zama cikin ruwan zafi ko mai aiki gaban wuta yana dafa su ne a hankali. Sai ƙiba, sai ciwon suga da ba a kula da shi, sai barikosil da Abu Sadiku ya faɗa wanda ake samu a kusan kashi 15 cikin 100 na maza gaba ɗaya kuma ya fi haka nesa a masu neman haihuwa, sai infekshan.

Mai_Jiran_Rabo:

Kai jama'a na gode, Allah Ya biya ku. Anti Ummu Hanan na ji, a daren nan na nuna mata duk abin da kuka rubuta. Abu Sadiku a'a bai duba ni da hannu ba, takarda kawai ya karanta. Ɗan Lab na duba, an rubuta miliyan 1.8 a wajen fararen ƙwayoyin. Malam Famasi ka taɓo ni, ina shan sigari, ba da yawa ba kamar kara biyar a rana, kuma ban gaya wa likitan ba don bai tambaya ba ni kuma kunya. Wani abu kuma da na tuna yanzu, kamar sati biyar kafin gwajin na yi zazzaɓi mai zafi kwana huɗu ina kwance, wannan na da alaƙa?

Ɗan_Lab:

Sosai ma. Zazzaɓi mai zafi na iya dukan ƙwayoyin da ake cikin ƙerawa a lokacin, kuma tasirin kan bayyana ne makonni bayan ka warke, yakan kai wata uku kafin ya washe, to sati biyar ka faɗo tsakiyarsa kenan. Da ma ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Wannan 1.8 ɗin kuma ya haura iyaka, ka koma ka nuna masa, ka tambaya ko an tabbatar fararen ƙwayoyin jini ne da gwajin rini, don a ido suna kama da ƙananan ƙwayoyin maniyyi da ba su gama girma ba kuma ana yawan rikita su. In su ne, zai iya sa a yi gwajin fitsari da na maniyyin a nemi ƙwayar cuta, in an samu mai yiwuwa ku biyun za a yi wa magani, kar ka je ka sayi antibayotik da kanka. Ka gaya masa zancen sigarin da zazzaɓin, ka kuma roƙa a tura ka wajen likitan mafitsara ya duba jijiyoyin. Kara biyar ɗin nan ma a ajiye ta, daga ranar da ka daina ka fara ƙirga wata ukun.

Ranar sake gwajin ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, kar ka wuce haka da sunan tarawa, wanda ya daɗe a ajiye motsinsa raguwa yake. Ka yi amfani da robar da lab suka ba ka ba kwaroron roba ba, ka tabbatar farkon abin da ya fito ya shiga don nan ƙwayoyin suka fi yawa, in wani ya zube ka faɗa musu su rubuta. In a gida ka tara, ka sa robar a aljihun da ke manne da jikinka, kar ta sha rana kar ta shiga firij, kuma ta isa hannunmu kafin awa ɗaya ta cika.